Tallar Kifin Marigayiya Barakatu

“…To ya gwiwar? Tana nan tana kuka kamar ƙyauren tsohon shago?”

“Tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, maigidan da yab bar matatai wata huɗu ba cehwane ba aike, wane suna aka kiran shi garinku?”

“Mai haƙuri ake kiran shi. Wani ne ya ga haƙoranki, da tuni ya tsere Legas.”

“Haƙorana huɗu, kuma kowane ya tauna kihin da ubanka bai taɓa gani ba. Zamna kada iska ta ɗauke ka. Dubi yadda ka rame kamar busasshen kihi.”

Auwal ya yi dariya, ya sauke jakarsa, ya zauna a kan turmi. Haka suke shi da kakarsa Barakatu tun yana rarrafe, ita ce matarsa shi ne maigidanta, kuma duk Yelwa babu auren da ya kai nasu yawan saki da kome.

Barakatu mai bandar kifi ce. Murhun bandarta na ƙasa yana bayan gida, ta wajen da ke kallon ruwa, kuma innarta ce ta gina shi shekarar da ruwan dam ya ci tsibirinsu suka hauro tudu. Ita da kanta ta ɗebo ƙasar a kai tana 'yar yarinya. A da, murhun ba ya hutawa sai ranar sallah. Yanzu kuwa tarwaɗa bakwai ne rak a kan ragar, na miyar gida. Tun da ciwon gwiwa ya kwantar da ita asibiti damina guda, masu sayen kifinta na kudu suka ɗauke ƙafa. Sai babban ɗanta Lawali, uban Auwal, ya ce tunda murhu ya zama wurin kwanan akuya, in watan nan ya mutu ba a ga mai saye ba, zai rushe shi ya gina shagon cajin waya. Kuma ba wasa yake ba, don ga bulo nan an jibge a gefen murhun, an jera shi tsaf, kullum da safe shi ne farkon abin da idonta ke gani. Tana jin zafin bulon nan fiye da na gwiwar, amma bakinta bai taɓa faɗa ba.

Shi ya sa Auwal ya zo daga Sakkwato, inda yake karatu yana kuma haɗa wa masu shaguna bidiyon talla. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya yana wani ɗaga kafaɗa.

“Matso, amarya, ki ga yadda mijinki zai fitar da ke kunya.”

“Da wagga faranti? In ce ko ita ta cinye maka naman jiki?”

“Manhaja ce a intanet. Kafin a ɗauki bidiyo sai a tsara shi akwati-akwati, kowane akwati da hotonsa, da abin da za a faɗa, da sakan nawa zai ci. Daniel mai kyamara yana Kwantagora, amma duk abin da na saka yana gani a wayarsa. Jibi zai zo, wuni ɗaya tak, kuma abin da ke cikin akwatunan nan shi zai ɗauka, ba ƙari ba ragi.”

“Ashe abin da magina ka yi na, su ja ƙahwa bisa ƙasa su ce nan ɗaki nan zaure. Su kyauta suka yi, kai kana ƙona data.”

“Ilimi ne, tsohuwa.”

“Ƙaramin sani dai ƙuƙumi na. Nuna mani.”

Ya danna. Akwati na ɗaya ya cika allon: rana tana fitowa a kan ruwa, ga wani farin jirgi mai tsini da ƙyalle a sama. Barakatu ta ƙanƙance ido, ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

“Wanga jirgin wa na? Na Ɗangana masunci ko na aljannun ruwa?”

“Hoton misali ne. Manhajar tana da hotuna dubbai, sai ka jawo wanda ya yi kama. Ranar ɗauka kwalekwalen Ɗangana za mu sa.”

“Ka gaya mashi shi toshe hujin gaba, kada tallata ta nutse tun akwati na ɗaya. Wuce.”

Akwati na biyu kifi ne yana tsalle, dogo, cikinsa ja-ja.

“La'ilaha! Wanga kihi jan-baki ya shahwa? Shekara sittin ina hasa cikin kihi, ban taɓa gamuwa da ɗan daudunsu ba sai yau.”

“Na ce miki misali ne! Ba su da tarwaɗa.”

“Dubban hotuna ba tarwaɗa? To masu abin ga ba su ci abinci ba tun da anka haihe su.”

Auwal ya yi sauri ya wuce, don ya san na uku zai rufe mata baki. Shi ne abin alfaharinsa, kwana biyu ya yi yana gyara shi. Murhu ne, hayaƙi fari ƙal yana tashi tuƙuƙu har sama, rana tana ratsa shi. A ƙasa ya rubuta wa Daniel: a zuba ɗanyen ganye a wuta don hayaƙi ya fito sosai. Da ya karanta mata rubutun, sai ta ɗora hannu biyu a ka.

“Ɗanyen ganye? Murhun innata?”

“Na minti biyu ne kawai. Kyamara tana son hayaƙi.”

“To kyamara ta sayi kihin. Kai, wa yah haihe ka? Duk macen da tas san kihi, in ta ga hayaƙi hakanga ta san ɗanyen icce na, ta san kihin ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɗaci kamar maɗaci, cikinai kuma bai bushe ba. Kwana ukku bisa hanya tsutsa ta yi sallama. Dubi murhuna yanzu. Ka ga hayaƙi?”

Ya duba. Garwashin kirya ne ja wur a ƙasa, iska kawai ke rawa a saman ragar. In ba don ƙanshi ba, ba za ka ce da wuta ba.

“To ai wannan ba ya kyau a hoto.”

“Kai ma ba ka kyau a hoto, amma na aure ka.”

“Ni na taimaka miki. Lokacin duk tsofaffin bakin gulbi sun ƙi tayawa.”

“Kifi na ganinka, mai jar koma. Don kan tarwaɗa ka liƙe mani, kowa ya sani. Wuce na huɗu in ga sauran ɓarna.”

Na huɗu farin faranti ne, an jera kifi biyar a miƙe sambal kamar sojoji, da yankan lemon tsami a gefe. Auwal ya gyara murya ya ce don haka ne ma ya zo da wuri, yana so gobe ta banda masa guda biyar a miƙe, kada ta lanƙwasa su, don tsawonsu ya fito.

Barakatu ta matsa kusa da murhu. Ta miƙa hannu cikin zafin nan ba tsumma ba komai, ta ɗauko tarwaɗa ɗaya ta ɗora masa a kan madannan kwamfutar. Ya yi tsalle ya ɗauke yana hura yatsu. Kifin a naɗe yake kamar gammo, wutsiya ta zagayo ta hagu ta shige ƙarƙashin kunne, an soke da tsinke biyu a gicciye.

“Za ki ɓata mini kayan aiki!”

“Kai ka hwara ɓata nawa. Kihi miƙaƙƙe, in anka danna shi kwali, mota ta hau ramukkan hanyar Kwantagora, garin kihi za a sauke can. Naɗaɗɗe kuwa ɗan'uwanai yake runguma. Kuma dubi nan. Matan bakin gulbi duk dama suka naɗewa, tsinke guda. Ni hagu, tsinke biyu, don innata bahaguwa ta. Ko cikin duhu mai saye ya laluba kwali ya san na Barakatu na. Shi kake so in miƙe?”

“Ban sani ba ai.”

“Ina za ka sani? Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi, kai kuwa an bari ka bushe Sakkwato.”

“Duk da haka ni ne mijin da kika samu. Ki yi haƙuri da rabonki.”

Tana dariya, yana dariya, har ya danna na biyar. A nan dariyarta ta tsaya.

Wata budurwa ce tsaye a gaban murhu, da farar rigar girki da safar hannu, tana murmushi haƙora talatin da biyu. A ƙasa an rubuta: Rukayya. Rukayya ƙanwar Auwal ce, wadda ko ƙanshin banda ta ji sai ta toshe hanci da gyale.

“Rukayya ce za ta yi magana,” in ji Auwal. “Manhajar ma ta ba da shawara, a sa fuska mai jan ido a sakan biyar na farko ko na tsakiya. Ke ki huta abinki.”

“Ni ina nike?”

“Ga ki nan a na shida.” Ya danna. Baƙin allo ne, da manyan haruffa farare: KIFIN HAJIYA BARAKATU, YELWA, da lambar waya a ƙasa. “Kin ga sunanki, ya fi na kowa girma.”

“Awo. Na gani. Saura ka ƙara Allah ya jiƙanta.”

Ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ba ta kallonsa, bulon Lawali take kallo. Ita kuwa ta daɗe tana riƙe da wata magana a ciki, ta hana kowa a gidan ya gaya masa, don kunya take ji da baƙin ciki, kuma ba ta son jikanta ya ji tausayinta. Wanda kake zagi kullum don so, ranar da ya fara tausayinka wasa ya mutu. Amma yau ta ga in ta yi shiru, jibi Daniel zai zo ya binne ta da kyamara.

“Tashi, maigida. Shiga ɗakina, bayan ƙohwa, ɗauko mani abin da kag gani.”

Ya shiga ya fito da kwalin sukari babba, an sha kusan rabi. A jikinsa an rubuta da biro, Hausar ƙoƙari: Gaisuwar mama, daga Ruth.

“Wace ce Ruth?”

“Babbar mai sayen kihina. Shekara ashirin da ɗaya. Da can da kanta taka zuwa, ta zamna nan inda kake, ta ci tuwona. Yanzu duk sun bar zuwa, ta waya suka oda, direba shi ɗauka. Ina kwance asibiti wani mai dogon baki ya ce bakin gulbi wai tsohuwa ta cika. Kahin in dawo magana ta kai kudu. Sai ga direba da sukari.”

“Sukarin… ta'aziyyarki?”

“Shi nika shan shayi da shi kullum sahe. Yana da zaƙi, ba laihi. Ruth ba ta da rowa.”

Auwal ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. “To ba a gaya musu kina raye ba?”

“Direba ya gan ni da idonai, ya koma ya hwaɗa. Ubanka ya buga waya. Sunka ce an saba, in mai sana'a ta mutu ɗiyanta ka ɓoyewa don su ci da sunanta. Sunka ce tsohuwa duk tsohuwa ta, wa ya san wadda anka nuna ma direba? Ni kuma gwiwa ba ta kai ni tasha, balle kudu.” Ta nuna allon da haɓa. “Yanzu kai, mai ilimi, ka aika masu yarinya da safar hannu tsaye gaban murhuna, kihi miƙe, hayaƙi kamar an ƙona bola, sunana bisa baƙin allo. In kai ne Ruth, mi za ka ce?”

A hankali ya ce, “Zan ce Allah ya jiƙan Barakatu, magada sun lalata sana'a.”

“Ka ga, ashe akwai ɗan sauran ƙwaƙwalwa. Na zaci faranti ta shanye duka.”

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara kamar yadda ya faɗa. Ta tsinci gawayi a bakin murhu, ta ja akwati huɗu a jikin bangon ƙasar, karkatattu, kowane da girmansa.

“Ba shida ba?”

“Mai gaskiya ba ya dogon zance. Na ɗaya, ni.” Ta zana da'ira da ɗankwali da ɗigo huɗu a baki. “Ka ce ma Daniyel shi matso da kyamara har shi ƙirga haƙoran. Ruth ta san wanda yak karye, gabanta ƙashin giwan ruwa ya karya shi.”

“Kyamarar haya ce hwa. In ta fashe ke za ki biya.”

“In ta jure fuskarka za ta jure tawa. Na biyu, hannuna.” Ta zana abu mai yatsu kamar ƙafar kaza. “Ina naɗe tarwaɗa ta hagu, tsinke biyu. Kada a yanke, kada a sa kiɗi. Su ga tabon wuta duka. Hannu ba ya ƙarya.”

“Na uku?”

“Garwashi, ba hayaƙi. In ɗauko kihi in ƙwanƙwasa shi kusa da abin maganar nan, su ji ƙwas-ƙwas, in ɓare shi su ga ciki. Mai saye da kunne taka saye kahin ido.”

Auwal ya daina murmushi, ya jawo kwamfutar yana bugawa da sauri. Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba, kuma babu shi a cikin dubban hotunan manhajar.

“Na huɗu, Rukayya.”

“Af! Ashe dai za ta shiga.”

“Ta shiga mana, jikata ta. Ta riƙe kwali ina zubawa, ta karanto lambar waya tunda bakinta ya iya boko. Amma ta tuɓe safar nan, ba asibiti muke ba.”

“A ina za ki zauna? Gwiwar ba za ta yi tsayuwa ba.”

Barakatu ta juya ta dubi bulon da ya hana ta barci sati uku. Ta taka a hankali, ta gyara zani, ta zauna daram a kansa kamar an yi shi dominta.

“Nan. Ubanka ya kashe kuɗi ya sawo mani kujera, in ƙi zama?”

Auwal ya ɗauki hoton zanen gawayin da waya, akwati bayan akwati. Ya goge farin jirgi, ya goge kifi mai jan-baki, ya goge hayaƙin da ya ci masa kwana biyu, ya ɗora ƙafar kaza da da'ira mai haƙora huɗu a gurbinsu. Sabis ya yi ta jan ƙafa kamar yadda ya saba a bakin ruwa, sannan hotunan suka hau. Ba a jima ba saƙon Daniel ya ɓullo a gefen akwati na uku. Auwal ya karanta, ya yi ƙoƙarin rufe allon.

“Mi ya ce?”

“Ba komai. Gaisuwa ce.”

“Karanta, ko in kira Rukayya.”

Ya yi ajiyar zuciya. “Wai, wa ya tsara wannan? Na ƙwanƙwasa kifin nan ya yi. Ka riƙe mutumin, ya fi ka.”

Barakatu ta yi guɗa har akuyar da ke bayan murhu ta zabura.

“Ka gaya mashi mutumin matar aure ta, mijinta kuma rago na, ita ka ciyar da shi.”

“Na sallama,” in ji Auwal, ya ɗaga hannu biyu sama. “Da tsohuwar zuma ake magani. Na mai da ke ɗakinki, saki ukun da na yi miki bara na janye.”

“Wa ya ce zan koma? Sai na ga bidiyo.”

“Saura abu ɗaya. Akwati na ɗaya sakan huɗu ne. Mi za ki ce a ciki? In rubuta.”

Ta gyara ɗankwali, ta kalli bayan kwamfutar kamar kyamarar ce, ta buɗe haƙoran nan huɗu. Muryarta ta fito garau.

“Ruth, ni ce. Na sha sukarinki, na gode. Ban tahi ba tukuna, aiko da kwali.”

Auwal ya rubuta. Ya daɗe kansa a sunkuye a kan kalmomin, fiye da yadda rubutun ke bukata. Ita kuwa ta ɗauko tarwaɗar da ya yar a kan tabarma, ta kaɗe ta, ta haɗa da ƙwayar sukari biyu daga kwalin, ta danƙa masa a hannu.

“Ungo. Ci gadonka tun ina da rai, don in na tahi ubanka caja kawai zai bar maka.”

Ya fashe da dariya, ya jefa sukarin a baki, ya kai bayan hannu yana goge ido.

“Mi na kuma? Maigida guda da kuka?”

“Wane kuka? Hayaƙi ne ya shiga mini ido.”

Barakatu ta dubi garwashin kiryar, ja wur, iska na rawa a samansa. Ta dubi jikanta.

“Murhuna ba ya hayaƙi, ɗan nema. Ci kihinka.”